Layi Biyat, Mace Guda

Litinin, 9 ga Oktoba 2023, ƙarfe biyu na rana

Madam Balkisu ta iso Filinge daga Yamai cikin ayarin motocin da soja ke rakowa. Ta zo da ordinater guda, wato kwamfuta, da ɗan faifan sola, don tun da anka yi juyin mulki wuta sai ta ga dama take zuwa. Sati ukku za ta yi da mu. Bayan nan aikinta ya ƙare, Turawan da ke ɗauke da shi sun naɗe tabarma.

Mu biyu ne a Gidan Saurare, ni da Tanti Tambara, tsohuwar ungozoma wadda ta buɗe wurin shekara huɗu da sunka wuce. Matan da anka buga a gida, nan suke zuwa. Mu ba su ruwa, mu saurara, mu kai su likita in akwai rauni, mu cika takardar da muke ce wa fish. Fish ɗin sun cika kwali biyu. Madam ta ce duk sai sun shiga ordinater kafin ta koma, kuma da hannunmu za su shiga, ba da nata ba.

Tanti ta ce, "Ni matan nan duk suna cikin kaina."

Madam ta ce, "Ran da kan ke ciwo fa, Tanti?"

Tanti ba ta yi dariya ba. Ni na yi.

An ba ni wannan kaye, littafin rubutu, in riƙa rubuta darasi. Darasi a shafukan gaba, wannan labari nawa a na baya.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyat na marece

Kowane zuwa layi guda. Ba a sa suna. Ana ɗaukar harafi biyu daga sunan mace, biyu daga sunan uwarta, biyu daga sunan garinsu, a haɗa, su zama shaidarta. Ko sau goma ta zo shaidar ba ta canzawa, kuma baƙon da ya buɗe ordinater ba shi sanin ko wace ce.

Sai tambaya huɗu waɗanda babu gidansu a tsohon fish, amma ana tsinto amsar cikin labarin da munka rubuta. Ya taɓa shaƙe ta? Akwai makami a hannunsa? Ya taɓa cewa zai kashe ta? Tana da ciki? In ukku sunka ce i, layin sai ya koma ja da kansa.

Madam ta ce, "Mai jan layi ba a ce mata ki yi haƙuri ki koma. Su ake bisnewa."

Kowane marece sai a kwafe aikin yini cikin kile, ɗan ƙarfen nan mai tsawon yatsa. Tanti ta karɓe shi ta ƙulle a bakin zanenta. Shi kaɗai ta yarda da shi cikin kayan da anka kawo.

Da yatsa biyu nake bugawa. Madam ta ce in bar damuwa, kaza ma da baki guda take cika ciki.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Kwalin bana ne rabona. Fish sittin da ɗaya na shigar. Ukku na ajiye gefe.

Juma'a, 13 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Ashe karanta su a jere daban yake da jin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙotar hauya. Igiyar guga. Taɓarya. Itacen wuta. Taɓarya kuma. Wadda anka watsa wa kunu mai zafi a baya don ya yi ruwa. Wadda mijinta ya rufe ƙofa da yatsunta a ciki, ya danna da kafaɗa. Rabinsu da hannuna na rubuta, amma ban san sun kai haka ba.

Madam ta nuna mana yadda ake sa ordinater shi ƙidaya. Tun bara, tun da mutanen daji masu bindiga sunka fara ƙone rumbuna, mazan ƙauyuka sunka fara tsaron gari, masu amsa i a gidan makami sun ninka ukku.

Muna cikin haka wata ta shigo daga wajen Damana, goshinta a tsage, jini ya bushe har cikin gira. Tanti ta wanke, ni na yi tambaya huɗun. Ukku sunka ce i. Layin ya yi ja a gaban idona. Da can da mun kira mijin da liman a yi sulhu, kafin la'asar ta kama hanyar gida. Yau Tanti ta dubi jan, ta dubi matar, ta ce, "Wa gare ki nan cikin gari?" Da kanta ta raka ta gidan ƙanen ubanta.

Ukkun suna cikin jakkata. Na zo da su gida.

Lahadi, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Ranar kasuwa. Inna ta zo daga ƙauye, ta kawo mani sabon hatsi da ganyen kopto. Mun zauna a rumfar masu ƙwarya.

"Wanki shina gaishe ki," ta ce. Inna ba ta kama sunan Yaya Manzo, ɗan fari ne.

Na ce ina amsawa. Ta ce yanzu shi ne babba cikin masu tsaron gari, da rana yankan hatsi, in ya taso kuma bindiga a kafaɗa. Tun ran da sunka kwaso gawawwakin waɗanda mutanen daji sunka kashe daga bakin rijiya ba shi barci, ba shi son ƙarar komi, ko ludayi ya faɗi sai ya zabura. Ta kai shi gun ƴan bori, an yi mashi goge kwana biyu, an yanka baƙin bunsuru.

"Ba shi na ba, Yalwa, iskoki na. Amma da sauƙi yanzu."

Matarsa Safi ba ta zo kasuwa ba. Inna ta ce cikin ne ke wahal da ita. Ban tambaya ba. Na sayi alewa na ba da a kai wa Muna, ɗiyarsu.

Ban tambaya ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe shidda na marece

Yau duba giɓi munka koya. A jera lambobin fish daga ɗaya har ɗari biyu da goma sha biyat, a ga ko akwai wadda ta tsallake. Ukku sun tsallake: 163, 201, 209.

Na ce ƙila gara ta ci. Madam ta ce wannan gara tana da zaɓe, ta rubuta "ba a gani ba", ta wuce. Tanti ta ɗago kai. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da rabi

Sun tafi cin abinci, na ce ba ni jin yunwa.

Na shigar da ukkun. Na cika gidajen da na bari wofi a takarda, don na san amsarsu: sunan uwa, sunan gari. Na danna abin jerawa. Ukkuna sunka hau sunka manne da wasu biyu da Tanti ta karɓa. Shaida guda, layi biyat.

Nuwamban bara, mari, kunnen hagu ya bar ji. Bayan wata biyat, bulala da igiya. Bayan wata ukku, haƙori biyu. Bayan sati shidda, shaƙa har ta suma. Bayan kwana ashirin, ya tura mata bakin bindiga cikin baki a gaban yarinyar.

Tazarar tana matsewa kamar zarge. Biyun ƙarshe ja wur.

Na rufe ban adana ba. Na mai da takardun jakka. Na wanke fuska kafin su dawo.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe shidda na marece

Da safe Tanti ta rufe ƙofar biro, ofishin namu, ta miƙo mani hannu. "Ba ni takardun matar wanki."

Na ce wa ya gaya mata. Ta ce ba kowa. "Sau biyu ta zo gare ni, na yi sulhu na maishe ta, don ina cewa sau biyu ne cikin wata takwas. Ran da kinka ce gara, sai na tuna ranakun da na tafi karɓar haihuwa na dawo na iske kin wanke tabarma, alamar wata mai jini ta zo."

Bari in rubuta shi ko sau ɗaya. Safi ce. Sau ukku ta zo ta iske ni ni kaɗai. Kowane zuwa na ba ta sabuwar lamba, na rubuta "zuwa na farko", na bar sunan miji da na uwa da na gari wofi. Na wanke mata rauni, na ba ta magani, na ce ta yi haƙuri saboda Muna, zan yi mashi magana. Ban taɓa yi mashi magana ba. Shi ke goya ni zuwa gona ina ƙarama. Da Baba ya rasu anka ce in bar karatun lakol, shi ya tsaya ya ce sai na ƙare.

Madam ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mani sauƙi. Ta sa na sake shigar da su a gabanta, na adana. Ta aza yatsa kan layin ƙarshe.

"Ashirin da takwas ga Satumba. Yau kwana nawa ke nan?"

Na ƙidaya. Ashirin.

Babu rezon waya a ƙauyen tun da anka kada eriya, ba a iya kiran kowa. An hana hawa moto, wato babur. Gobe da sassafe akwai motar da za ta ɗauko hatsi ta wajen, Tanti ta yi magana da direban.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan magariba

Mun iske Inna a bakin ɗakin tana dama magani a ƙwarya. Da ta gan ni da Tanti ta miƙe ta tare ƙofa.

"Barci takai."

Tanti ta kau da ita gefe kamar labule.

Ɗakin na warin jini. Safi na kwance a ƙasa kan buhu, zane ukku a ƙarƙashinta duk sun jiƙe. Idonta guda ya rufe da kumburi. A wuyanta shatin yatsu, ana iya ƙidaya su. Tanti ta ɗaga rigar. Na ga cikin, na ga tambarin gindin bindiga baƙi ƙirin, wuri biyu, ɗaya a ƙasan cibiya. Muna na zaune a lungu da alewar da na aiko a hannu, ba ta ɓare ba.

"Yaushe?" in ji Tanti.

"Talata da rana," in ji Inna. "Hura ta kai mashi gona, ta daɗe ga hanya."

Talata da rana. Ba sai na rubuta abin da nake yi Talata da rana ba.

Inna ta ce a jira shi ya taso daga gona, mace ba ta fita ba da izinin miji ba. Tanti ta ce, "Ke ki jira shi. In ta kai gobe a nan, makara za ku nema, ba izini ba."

Mun ɗauke ta a tabarma, mu biyu da wata maƙwabciya, munka shimfiɗe ta kan damman hatsi a bayan mota. Na ɗauko Muna. Matan gari na leƙe ta saman darni. Tun Talata sunka sani.

A hanya, duk ramin da motar ta faɗa sai Safi ta ciji hannuna. Ga shatin nan.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Mun kai ta likita, amma cikin ya zube. Namiji ne. Wata biyat. Tanti ta naɗe shi da kallabinta.

Asibit, 21 ga Oktoba, ƙarfe ukku

An ƙara mata jini leda biyu, ɗaya nawa ne. Majo, babban ma'aikacin likitar, ya rubuta takardar shaidar rauni. Haƙarƙari ukku a karye. Idon ya ce sai kumburi ya saɓe za a sani.

Madam ta zo da ordinater har bakin gado. Ta nuna wa Safi layukan, ta karanta mata su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Wannan labarinki ne, ba namu ba. Ba mu kai shi gun jandarma ko alƙali sai kin ce to. In kin ce a'a, nan zai tsaya, kuma ba mu barin ki."

Safi ba ta karatu. Ta daɗe tana kallo da idon da ke buɗe. Ta ce, "Wanga ja, ni ta?"

"Ke ce."

Ta juyo gare ni. "Yalwa, ashe kina rubutawa. Ni ina cewa ko ba ki ji na."

Na gyara mata zane. Ta ce a ba ta kwana biyu ta yi tunani.

Muna na gidana. Ba ta kuka, ba ta magana. In na ɗaga hannu zan ɗauko wani abu a sama sai ta rufe kai.

Litinin, 23 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na marece

Ba ni iya haɗiye ruwa.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Muryata ba ta fita, sai in rubuta.

Jiya wajen ƙarfe goma Madam na likita gun Safi, ni da Tanti muna biro. Yaya ya shigo ba sallama. Bai zo da bindiga ba, soja na bincike a bakin gari. Gora ce a hannunsa irin ta makiyaya, mai ƙarfe a kai. Ya rame. Idonsa kamar ba kowa a ciki.

Na miƙe na ce, "Yaya, sannu da zuwa." Bakina ya faɗa da kansa.

"An ce kin sa sunana cikin na'urar Annasara."

"Babu sunan kowa a ciki, Yaya."

"Ina matata?"

Tanti ta ce, "Matarka na inda ka aika ta. Ɗanka kuma mun bisne shi ran Juma'a."

Bugun farko ordinater ya samu, gilashin ya watsu har cikin randa. Na biyu Tanti. Ta tare da hannu, na ji ƙarar ƙashin kamar an taka busasshen kara. Ta faɗi kan kwalaye, ya ƙara mata a baki. Na riƙe gorar. Ya sake ta ya kama wuyana da hannu biyu, ya kai ni bango, ƙafafuna sunka bar ƙasa. Shina cewa, "Ni na yi ki. Ni na yi ki, ni ka kashe ki." Ina ganin fuskarsa tana yin nisa. Rigarsa na warin ƙaiƙayin hatsi, kamar kullum in kaka ta yi.

Mahautan da ke tsallaken hanya sunka ɓamɓare shi, su huɗu. Ya fizge ya fita. Ba wanda ya bi shi.

Hannun Tanti ya karye, haƙori biyu sun tafi. Da za a ɗauke ta, ta sa hannu mai lafiya ta kwance bakin zane, ta miƙo mani kile, jini na zuba mata a haɓa. Ta ce, "Na Juma'a na ciki." Asibit da Lahadi ba mu yi aiki ba, ba abin da ya ɓace.

Laraba, 25 ga Oktoba, ƙarfe huɗu

Na naɗe wuyana da gyale kafin in shiga gun Safi. Ta miƙo hannu ta ja shi. Ta taɓa shatin da yatsa, ta taɓa nata.

Ta ce, "A kira Madam. Na ce to."

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyat na marece

Madam ta buɗe kile a ordinater na majo, ta fitar da layi biyat ɗin a takarda, su kaɗai, ba na wata mace ba. Munka haɗa da takardar rauni ukku, ta Safi, ta Tanti, tawa. Munka tafi gun jandarma.

Wanda ya karɓe mu ya karanta a tsanake, shina bin kwanakin wata da bik, abin rubutunsa. Ya ce yawanci kuka ake kawo mashi, ba a kawo mashi kwanan wata. Ya ce in faɗi sunan mutumin da na ubansa. Muryata ta ƙi, sai da na faɗi sunan Baba sau biyu.

"Ke mece ce gare shi?"

"Ƙanwarsa. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Ya ɗaga kai ya dube ni. Ya mai da kai. Ya ce me ya sa fish ukku ke cewa zuwa na farko. Madam ta buɗe baki, na riga ta. Na ce ni na ɓoye. Ya rubuta wannan ma. Na sa hannu a ƙasa.

Asibit, 28 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

An kamo shi jiya a gona, an karɓe bindigar. An ce bai yi gardama ba.

Lahadi, 29 ga Oktoba, bayan azahar

Na hango Inna a bakin kasuwa da ƙwaryar fura a ka, za ta kai mashi inda ake tsare da shi. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta sauke ƙwaryar ba.

"Wanda ka tsaron gari kinka ɗamre. In mutanen daji sunka zo, ke ka tare su da takarda?"

Na ce, "Inna, kin ga cikin."

"Ba ni da ɗiya Hilinge," ta ce. Ta kewaye ni ta wuce. Mutane na kallo, na daɗe ban miƙe ba.

Talata, 31 ga Oktoba, ƙarfe sha biyu

Ayarin Yamai ya tashi ƙarfe takwas. Madam ta tafi da Safi da Muna, akwai gidan da za su zauna can har a duba idon. Ba wanda za a gaya wa inda suke.

Sabon ordinater ba yanzu ba. Jiya Madam ta zauna da ni da babban littafi da abin ja layi, munka zana gidajen tamkar yadda suke a na'urar: lamba, shaida, kwanan wata, tambaya huɗu. Ta bar mani jan bik biyu. Ta ce kowace Juma'a in bi shaidu da ido daga sama har ƙasa, in nemi masu maimaituwa, in ƙidaya tazara.

A tasha na riƙe Muna har anka tada mota. Safi ta karɓe ta ta taga. Na tsaya ko za ta ce wani abu. Ta ce, "Ki gai da Tanti."

Da motocin sunka ja, na juya, na ga Inna a gindin itacen bedi da ƙwarya a ka. Ta ga motar da sunka shiga. Ta ga hanyar da ta bi.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe biyu

Tanti ta dawo aiki da hannu a ɗaure, magana na fita ta giɓi. Ta jawo fish ba komi a kai ta aje gabana.

"Cika."

Na ce wa ya zo. Ta ce, "Ke."

Lamba 216. Shaƙa, i. Makami, i. Ya ce zai kashe, i. Ciki, a'a. Ta miƙo jan bik ta tsaya a kaina har na ja layin.

Na kwashe kayana zuwa gidanta da marece.

Talata, 7 ga Nuwamba, ƙarfe biyat

Mata biyu yau. Ɗaya ja. Mijinta ya ɗora mata adda a wuya don ta ce ba ta zuwa itace daji, tana tsoro.

Juma'a, 10 ga Nuwamba, bayan masallaci

Dattawan ƙauyenmu sun zo su bakwai, sunka zauna a tabarma bakin biro. An ƙone rumbuna a garin da ke gabas da mu, an kashe mutum biyu a gona. Masu tsaro sun ƙi fita in ba Yaya. Tsoho Gajere, aminin Baba, shi ya yi magana. Ya ce in janye ƙarar, za su yi mashi faɗa da kansu.

Na ce ƙarar ba tawa ce ni kaɗai ba.

Ya ce to in faɗi inda mai ita take, su je su ba ta haƙuri.

Na ce ban sani ba. Ya san ƙarya nake. Ya ce, "Ubanki bai san takarda ba, amma ya san jini." Sunka kaɗe riguna sunka tafi.

Bayan sun tafi na bi littafin daga sama har ƙasa. Shaida biyu sun maimaitu. Litinin Tanti za ta aika a kira su.

Lahadi, 12 ga Nuwamba, ƙarfe shidda

Inna ta wuce da ƙwarya. Ba ta duba ba. Ta san inda anka kai Safi, kuma kullum tana ganin Yaya.

Laraba, 15 ga Nuwamba, ƙarfe ukku

An sake shi, wai kafin ranar shari'a. Ban san wa ya sa hannu ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Muna buɗe biro na iske Inna tsaye a bakin ƙofa, ƙafafunta futu-futu, da ƙafa ta tako daga ƙauye. Ba ta taɓa zuwa wurin nan ba. Na shimfiɗa tabarma, ta ƙi zama. Ba ta amsa gaisuwa ba.

"Gida ya kwana," ta ce. "Bai tambayi tuwo ba. Ya tambaye ni ina anka kai ta."

Na dafa ƙofa. Na ce, "Kin gani, Inna."

"Na gani."

Tanti ta fito ta tsaya a bayana.

"Na ce mashi garin Tawa. Na ce da idona na ga ta shiga motar Tawa, gun dangin uwatta. Bai yarda ba sai da na rantse mashi da kushewar ubanku. Da asuba ya kama hanya."

Hanyar Tawa ta Sanam take bi. Tun damina ba mai bin ta sai da soja, kuma shi kaɗai ya tafi, ba bindiga.

Na ce, "Inna, hanyar nan..."

"Na san hanyar. Ni na haihe shi." Ta cije leɓe. "Ki aika ma matar nan ta Yamai su canza mata gida kahin shi gane. Ba don ke na yi ba. Yarinyar nan ta bar magana tun ran bindiga, ni ina gida ina ji."

Na shiga na ɗebo ruwa a randa na kawo mata da hannu biyu. Ta daɗe tana kallon kofin. Ta karɓa, ta sha rabi a tsaye, ta aje shi a ƙasa, ba a hannuna ba. Ta gyara lulluɓi ta kama hanyar ƙauye.